Katanga Ɗaya

A Wad Madani, bayan tashar jirgin ƙasa,
katanga ɗaya ce tsakanina da Malam Attayibu,
ita ma ta tsage tun daminar da kogi ya yi fushi.
Ta tsagin nan tarinsa ke shigo mini da asuba,
ta nan ƙamshin gahawarsa ke biyowa,
kullum citta ta yi mata yawa.

Ya san ba ya ganina a sahu.
Ba a ɓoye wa maƙwabci irin wannan,
takalman ƙofar masallaci sun fi kowa iya ƙirga.

Ran wata Talata ya yi sallama,
ɗan littafi a aljihun jallabiya,
dabino bakwai a tafin hannu.
Na shimfiɗa masa tabarmar da ba ta da ƙuna,
na karɓi dabinon da hannu biyu.
Ya ce, "Ɗalhatu, wa ya ɗaga sama ba ginshiƙi?
Wa ya koya wa kogin nan hanyarsa?"

Ina da amsa.
Ta zo har bakin harshe ta tsaya, kamar ƙayar kifi.
Sai na dubi hannunsa yana rawa a kan gwiwa,
hannun da bara ya zuba wa ɗansa ƙasa.
Abin da ya kawo mini, shi yake dogarawa.
Ba a fizge wa tsoho sanda
don a nuna masa itace ce.

Na ce, "Malam, na ji.
Na san ƙauna ce ta tako da kai.
Amma abin da kake gani, na duba, na sake dubawa,
ni ban gani ba.
Kuma ba zan yi maka ƙarya a kan tabarmata ba."

Shiru ya zauna tsakaninmu, ya miƙe ƙafa.
Buta ta tafasa, ba wanda ya tashi.
Can ya ce, "Zan sa ka a addu'a."
Na ce, "Na gode," kuma har ciki na faɗa.
In an ɗinka maka hula ta matse ka,
ai mai ɗinkin ya ɓata darensa.

Muzammilu mai kanti, nasa salon daban.
Da waya yake zuwa, wa'azi na ƙara a ciki,
yana lissafa mini wuta kamar bashin sukari.
Shi ban buɗe masa komai ba,
a garin nan magana tana da ƙafa.
Nakan ce, "Shayi ko ruwa?
Wancan zancen kuwa, mu bar shi inda yake."
Sau uku na faɗa, murya ɗaya, ban ɗaga ba.
A na huɗu sai ya tambaye ni kuɗin batir.

Da azumi, in an fito da farantai bakin titi,
nawa ma yana ciki: zoɓo mai sanyi, wake da man riɗi.
In sun miƙe sun daidaita sahu,
ni nake kore awaki daga abincin,
ina tare yara kada su faɗa wa mota.
Ba wanda ya ba ni aikin. Ba wanda ya karɓe.

Jiya da dare injin ruwansa ya tsaya.
Na tsallaka da tocila a baki,
shi yana riƙe da kusoshi a cikin hularsa.
Ya ce, "Har yanzu?"
Na ce, "Har yanzu, Malam."
Ya yi ajiyar zuciya, ya dubi sama, ya dube ni.
"To. Wanne zan miƙo, babban ko ƙaramin?"

Ruwa ya kawo wajen ƙarfe sha ɗaya.
Ya ce alhamdu lillahi,
ni na ce bel ɗin ne ya saki,
muka sha a moɗa ɗaya.