Hoton da Hansatu Ta Turo

Ban taɓa ganin teku ba.
Iyakata kududdufin bayan gidanmu a Gyaɗi-gyaɗi,
sai Tiga, sau ɗaya, ina yaro.

Daren jiya Hansatu ta turo hoto
daga inda take karatun likitan dabbobi:
gawawwaki jere bisa yashi,
baƙaƙe sumul, kamar salkunan da aka yar.
Na ce, wannan wane irin kifi ne?
Ta ce, Baba, ba kifi ba ne,
kamar ayu suke,
uwa na ba ɗanta nono,
tana tari kamar ni da kai.

Me ya kashe su?
Ta ce, mura.
Irin wadda ta share maka keji uku
shekarar da ka sayar da babur.
Tsuntsu ke ɗaukar ta a fiffike,
ba mai tsayar da shi a kan iyaka.

Da sassafe na buɗe rumfa a Tarauni.
Wani farin zakara ya takure, zankonsa ya yi shuɗi.
Ɗantala ya zaro wuƙa:
a yanka tun da rai, mu rage asara.
Na riƙe hannunsa.
Ware shi. Kira malamin dabbobi.
Ga sabulu, har gwiwar hannu.

Yana wankewa yana ƙunƙuni,
balbela biyu suka sauka bakin lambatu
inda muke zubar da ruwan figa.
Na tsaya ina kallonsu.
Ban san inda suka kwana ba,
ban san ruwan da za su sha gobe ba.