Kwaɗo a Aljihu

Na sayo kwaɗon da kuɗin ƙungiya,
na karɓi rasit, kada gobe a ce na ci.
Shi zai rufe get ɗin sakatariya ran Litinin,
in gari ya waye yadda muka ƙulla.

A ɗakin taro hannu saba'in da uku na ƙirga.
Hannu ba shi da nauyi a ƙarƙashin fanka.
Sai da la'asar ta yi sanyi na hau babur,
in je in ga ƙafafun masu hannayen.

A Ƙofar Ƙaura Mannir ya kashe kekensa, ya ce,
"Sakatare, ina bayanku har cikin raina.
Amma mai keken nan balas yake jira da magariba,
shi bai san wani yaji ba
sai wanda ake barbaɗa wa tsire."

Sista Baraka ba ta ko zauna ba.
Tana cire safar hannu ta tambaye ni
wa zan tura ya gaya wa naƙuda
ta dakata sai an sa hannu a yarjejeniya.

Malam Rabe na firamare ya yi dariya har da tari.
"Tukunyar gidana ta riga ku shiga,
tun watan jiya take yajin aiki."
Sannan ya rage murya:
"Da gaske ne za a riƙe albashin wanda bai je ba?"

Mai tumatir a bakin kasuwa
kwandunansa kawai ya nuna mini.
Kwana biyu gare su a duniya.

An ce tsintsiya maɗaurinta ɗaya.
Ba a faɗa mana kowane tsinke
da ranar da bashinsa ke cika ba.

Na dawo gida ta Ƙofar Guga bayan isha'i.
Tasalla na tsugune gaban roba, wake a gefe.
Shekara tara ƙosanta ke karya kumallon ma'aikata
a bakin get ɗin da zan rufe.
Ba ta yi mini faɗa ba.
"Mudu nawa zan jiƙa?" Abin da ta ce ke nan.

Ƙarfe ɗaya, waya na ta haske.
Wai manya na ganawa a Abuja.
Wai an ɗage. Wai ƙarya ne, ba a ɗage ba.
Kwaɗon na aljihun rigar da na rataye,
ya ja ta ƙasa gefe guda.

Da aka sallame asuba na fita.
Titi bai cika ba, bai kuma mutu ba.
A bakin get na tarar da mutum goma sha ɗaya,
har da Malam Rabe, yana tari.
Tasalla ta jiƙa rabin mudu,
ta hura wuta can nesa kaɗan.

Na zaro kwaɗon.
Maigadi ya dube ni, ya dubi hanya,
ya ce, "Bari in fito da buta ta tukuna."