Lahadin Pitowa

Tun da zafin Garwa ya kore mu daga ɗaki
nake shimfiɗa tabarma a gindin darbejiya,
Hamajoda na gefe, wayata ƙarƙashin matashinsa,
makullin ƙofa a aljihun wandon da yake kwana da shi.
Ina rufe ido, sai shekara shida su zame
kamar zanen da bai ɗauru ba,
in tsinci kaina a kasuwar Pitowa, ranar Lahadi,
rana tsaka, layin masu kifi.

Ga ni can. Lantana, 'yar ashirin da biyu,
haƙorinta na gaba bai karye ba tukuna,
tana taya giwan ruwa sefa dubu,
tana dariya da dukan bakinta.
Na san minti nawa suka rage babur ɗinsa ya tsaya.

Daren farko na ja hannunta,
na ce, yarinya, bi motar nan ki koma gida.
Ta dube ni sama da ƙasa: Iya, mun san juna?
Iya! Shekara shida kacal tsakaninmu.

Dare na biyu na sace masa iskar taya.
Ya turo babur ɗin a ƙafa, gumi har gwiwa,
tausayi ya kama ta, ta saya masa zoɓo mai sanyi.
Na farka yana tsugune a kaina:
wa kike wa magana cikin barci?

Na uku na kai ta gadar Binuwai kallon dorina.
Can ma ya same mu, wai ɓatan hanya ya yi.
Ya faɗi maganar nan, ba ƙari ba ragi:
"Ke kaɗai kika taɓa dubana kamar mutum."
Na ga ta shige ta kamar ƙugiya a bakin tarwaɗa,
ni ma da na san ƙarshen zancen, Allah shaida,
sai da gwiwata ta yi sanyi.

To, wa zan zarga?
Zumar ba jabu ba ce.
Shi ya kwana uku a barandar asibiti da zazzaɓi ya kayar da ni,
shi kuma ya sayar da keken ɗinkina
don wani mai auduga ya gaishe ni sau biyu.
Ya fasa kwanuka da daddare,
da safe ya kawo shayi yana kuka,
ni ce mai shara, ni ce mai rarrashi.

Jiya mafarkin ya yi gaba maimakon baya.
Kasuwar dai ita ce,
amma gidaje sun hau Dutsen Tingilin har wuya,
kuɗin hannun mutane ban san su ba.
Wata tsohuwa a rumfa tana taka keke,
haƙorin gaba a karye, ba ta kāre shi da mayafi.
Na ce, Iya, ina mai babur?
Ta ce, wanne?
Ta yi jim, zare a baki,
tana lalube cikin kanta kamar mai neman allura.
"Af, Hamajoda.
Kin ƙarar da darare kina jan hannun yarinya.
Ƙyale ta, ta riga ta hau.
Ke ce har yanzu ba ki sauka ba."

Na farka kafin assalatu.
Ban taɓa aljihunsa ba, wayar ma na bar masa.
Ashe katangar bayan madafa ba ta kai kafaɗata ba,
shekara shida ban auna ba.
Na kifa turmi a gindinta, takalmi a hammata.
Yau Lahadi. Motar Pitowa na tashi ƙarfe shida.

Sai ya juya cikin barci,
ya kira sunana a hankali,
da muryar nan ta kan gada.

Ƙafata ɗaya a ƙasa, ɗaya kan turmi.
Zakaran maƙwabta ya yi cara ta biyu.