Ganye Takwas Daga Fadamar Suru

Baba Nomau ya aiko su cikin kular ƙanƙara,
ganyen shinkafa takwas, kowanne da ƙullin zare,
wasu sun yi ɗorawa tun kaka ba ta zo ba.
Direba ya miƙo mini a tashar Aliero, ya ce:
"Tsoho ya ce ki tambayi injinku mi ya faru."

Injin ba ya magana, Baba.
Sai an daka, an jiƙa, an jira.

Na daka su a ɗan turmin tangaran
wanda bai kai kofin shayi ba,
na ɗiga ruwan kowanne a raminsa
bisa jel mai santsi kamar kunun da ya kwana.
Na saki lantarki.
Ƙananan furotin suka zurara gaba kamar rajiya,
manyan suka tsaya nishi a baya,
giwan ruwa a bakin koma.

Malaminmu ya ce hanyar uku ce.
Ta Kudu tana farautar di-en-e,
wai sunan wani mutum ne ma, ba kusurwa ba,
sai masu barkwanci suka ba ar-en-e Arewa,
suka bar wa furotin Yamma.
Gabas bai koya mana ba.
Ita na fuskanta da asuba, na roƙa kada a ɗauke wuta.

An ɗauke.
Sahabi ya fita da tocila yana zagin janareto,
ni ina riƙe da agogo kamar mai jiran naƙuda.

Na shimfiɗa soso, takarda, jel, farin tantani,
na murje kumfar iska ɗaya bayan ɗaya,
don inda iska ta maƙale, shaida ba ta sauka.
Abin da ke cikin jel ya taso ya kwanta a tantani
yadda lalle ke barin tafin hannu a zanen gado.
Sai dai wannan lallen ido ba ya ganinsa.

Na jiƙa shi da madarar gari.
I, madara, Baba, kar ka yi dariya,
ita ke toshe duk gurbin da ƙarya za ta zauna.
Sannan na zuba masa abin da aka tace daga jinin zomo,
karen farauta ne da ya san wari ɗaya tak:
rigar ƙwayar cutar da nake zargi.
Suka kwana a sanyi, faranti yana lilo.

Wanki uku. Wani maganin. Wanki uku kuma.
Hannuna ya yi sanyi cikin safa.

Can sai layi ya fito,
siriri, shuɗi-shuɗi, kamar kwalli a idon jariri,
daidai matakin ashirin da shida na tsanin awo.
Rami na ɗaya, akwai. Na biyu, akwai.
Na uku har ya fi duhu.
Bakwai cikin takwas.

Na shida fari fat.
Na juya littafi in ga zaren wa ke nan:
jan zare, gefen gonar Inna Gado,
tsohon irin nan da ka ce na masu taurin kai ne,
wanda ba ya cika buhu, ba ya burge ɗan kasuwa.

Zan maimaita jibi, gani ɗaya ba ya yanke hukunci.
Amma waya tana ta ruri a aljihun farar rigata,
na san kai ne, a gindin tsamiya inda sabis ke kamawa.
Cewa a tuge a ƙone ba zai yi mini wuya ba.
Abin da nake ta juyawa a baki
shi ne yadda zan ce ka ɗauki kwano,
ka yi sallama a ƙofar Inna Gado.