Taron Daren Laraba a Aboabo

Mu bakwai ne kewaye da teburi guda,
guntun bulo ke tallafe da ƙafarsa ɗaya.
Ni ne mai biro, telan bakin kwata.
An ce hannuna ya san layi,
don haka ni ke rubuta abin da aka faɗa.

Shekara uku baya, yara ɗari huɗu muka ƙirga.
Bana sun haura dubu.
Daga Bawku an zo, daga Yendi an zo,
wasu nan aka yanke musu cibi, bayan gareji.
Kumasi na kumbura kamar ƙullin da ya kwana,
makarantunmu uku ko taga ba su ƙara ba.

Ma'aji Gariba ya warware takarda,
ya karanta abin da gunduma ta aiko.
Ni da na tsufa cikin yadi na gane nan take:
ƙyallen hula aka kawo, ana son babbar riga.

"Rufi," in ji Alhaji Dantani,
"kwanon aji biyar ya koma rariya."
"Benci," in ji Boakye kafinta.
Muka dube shi. Ya dubi takalminsa.
"Ban ce ni zan yi ba.
Amma huɗu ne a kujerar mutum biyu,
na gefe da rabin mazauni yake koyon lissafi."

Liman Seidu katanga yake so:
'yan babur sun mai da filin wasa titi,
awakin unguwa sun fi malamai sammako.
Fuseini, autanmu, ya ce kwamfuta.
Aka yi dariya, shi bai yi ba.
Ya ce yara na haddace ta baki da baki,
yatsansu bai taɓa sauka a kanta ba,
jarrabawa kuwa ba ta jin uzuri.

Hajiya Azumi mai wake da shinkafa
tun farko goro kawai take tauna.
Ta tofar, ta ce, "Ni da faranti nake ƙirga.
Akwai 'yan matan da nake rasawa a layina
kwana huɗu, kwana biyar, kowane wata.
Madam Serwaa, buɗe musu littafin."

Shugabar makaranta ta buɗe rajista.
Ga guraben nan a jere, kamar wushiryar haƙora.
Ta ce ba zazzaɓi ba ne.
Makewayi ɗaya ne, ba ƙofa, ba famfo,
ga samari a tsaye suna jira.

Carbin Liman ya tsaya a yatsansa.
Mu masu 'ya'ya mata, mu masu jikoki,
babu wanda ya sami inda zai ajiye idonsa.

Can sai ruwa ya tsuge.
Ɗigo ya sauka a kan littafina,
daidai inda na rubuta "rufi",
kamar sama ma tana da ƙuri'a.

Aka ɗaga hannu.
Hajiya, Liman, Gariba, sai Fuseini
wanda ya haɗiye kwamfutarsa da yawu: huɗu.
Dantani, Boakye, da ni: uku.
I, da ni.
Jikana Awudu ƙarƙashin ɓular nan yake zama,
tarinsa ni yake hana barci.
Ban ji kunyar hannuna ba,
ban kuma karkata biro ba:
makewayi huɗu, ƙofa da sakata, tankin ruwa.
Haka na rubuta, tawada na narkewa.

A hanya, wandona naɗe zuwa gwiwa,
na roƙi Hajiya buhunan shinkafarta na wofi.
Goma sha biyu in na haɗa su a keke
za su tare ɗigo kafin wani kuɗin ya zo,
in zai zo.

Laraba mai zuwa mu bakwai ne dai,
da teburin, da bulon.
Jerin ya ragu da ɗaya.
Gariba ya ce an kawo sabbin yara tara jiya.