Ramin Bayan Ɗaki

Na haƙa rami bayan ɗakina a Samaru,
faɗi gaba biyu, zurfi iya gwiwa.
Na juye jarka takwas da la'asar,
kafin isha ƙasa ta shanye, ko godiya babu.

Barau magini ya ce siminti,
buhu huɗu, yashi kura ɗaya.
Na nuna masa saiwar mangwaro
da ta tsaga dakalin da ya yi mana bara.
Ya sosa ƙeya.

A Sabon Gari Ilu ya warware baƙar leda,
ya ce in ja. Na ja, ba ta yage ba.
Sai na tuna kofaton akuyarmu
wadda ba ta san shinge ba.

Gwoggo Kande mai tukwane ba ta yi ciniki ba.
Ta aiko yumɓu daga bakin Kubanni
da saƙo: cire takalmi.

Kwana uku ina kirɓa da dugadugi,
shafi kan shafi,
har bayana ya daina gaishe ni.

Yau kwana tara ruwan na nan.
Ya ragu, yatsa biyu.
Ban saki tarwaɗa ba tukuna,
amma daren jiya wani kwaɗo ya tare,
bai tambayi kowa ba.