Ƙofa ta Huɗu

Bayan isha'i, a ajin manya na bayan tashar Daura,
da baƙin man injin ban-ruwa a faratuna,
na lanƙwashe kan bencin 'yan firamare,
gwiwa na gaisawa da haɓa.

Malama Rumasa'u ta jingina fitilar waya a taga,
ta rubuta harafi biyu a allo: if.
Ta ce, "Ga idan ta Turawa.
Ba ta fi ƙwayar gero ba,
amma ƙofa huɗu gare ta,
kuma darasinmu na yau sauyin yanayi ne."

Ƙofar farko ta abin da kullum haka yake.
Idan aka sare itace, iska ta sami hanya.
Idan rijiya ta ja baya, a ƙara wa guga igiya.
Wannan ko jakin gidanmu ya iya,
shi da yake jan igiyar
har ya wuce masallaci kafin guga ya leƙo.

Ƙofa ta biyu ta gobe ce, in Allah ya kai mu.
Isuhu mai shayi ya miƙe yana kame-kame:
"Idan ruwa ya sauka a kan kari, zan shuka."
Malama ta ce daidai.
Isuhu ya ce, "Jimlar ce daidai, Malama,
bara sau uku na yi binne."

Ƙofa ta uku ta mafarki.
Talatu mai awara ta ce,
"Da ni girgije ce, da na tsaya a kan Sandamu
na ƙi motsi sai an roƙe ni."
Muka yi dariya har fitila ta kife.

Da aka ɗaga ta, Malama ta rubuta had.
Na ɗauka hadari za ta rubuta,
sai ta tsaya a rabi,
kamar yadda na gabas yake mana yanzu:
ya haɗo, ya yi baƙi, ya yi gurnani,
mu kwashe shanya,
ya watse.

Ta ce, "Wannan ƙofa ta abin da ya riga ya wuce ce.
Mu da kalma guda muke mafarki,
da ita muke nadama.
Su sun raba musu ɗaki."

Kowa ya rubuta tasa.
Na daɗe ina tauna murfin biro.

Gawo goma sha ɗaya Baba ya bar mana a gona.
Da rani awaki na kwana a gindinsu,
da damina gero a ƙarƙashinsu ya fi ni tsawo.
Shekarar da na buɗe shago
na kira mai gawayi.
Kwana shida hayaƙi na tashi.
Na sayi sifana, na sayi ƙofar ƙarfe.
Yanzu yashi ya haye kunyoyin arewa,
ƙanena Nafi'u yana tura baro a Legas.

Na rubuta da Turancina mai ɗingishi:
da ban sare su ba, da yana gida.

Ta zo da jan biro.
Ta gyara aikatau biyu,
ta cusa had a inda na manta,
ta ce, "Yanzu ba kuskure."
Ba kuskure.
Takwas bisa goma.

Na ce, "Malama, jimlar da ta shiga ƙofa ta huɗu,
ana iya janyo ta ta dawo ta biyu?"
Ta rufe biro.
Ta ce, "A nahawu, a'a.
Sai dai ka sake wata."

Da na sani ƙeya ce, na sani.
Amma a hanyar gida na tsaya wurin Ɗanjummai,
mai renon dashe a ledar fiya-wata.
Ya yi barci. Na buga langalanga.
Ya ce, "Wane ne da tsakar daren nan?"
Na ce, "Gawo nawa-nawa ne?"
Ya ce, "Idan ka dawo da safe, zan faɗa maka."

Ƙofa ta biyu.
Bai ma san ya buɗe ta ba.